Batirin Rediyon Baba

Kawu, ƙanen mahaifiyata mai koyar da kimiyya a sakandare, ya same ni da la'asar a gidanmu na Rikoto ina gadin rediyon Baba. Baba tsohon soja ne, ba a taɓa masa rediyo.

Kawu ya zaro mataccen batir daga aljihu, ya sa na ciro sabo daga rediyon. Dukansu jajaye ne, iri ɗaya sak.

"Ɗora su a tafin hannunka," in ji shi. "Mai rai ya fi mataccen nauyi, don ƙarfin da ke cikinsa ma nauyi ne. Kai kanka, yawancin nauyinka ƙarfi ne da aka ɗaure wuri ɗaya."

Na jinjina su, ban ji bambanci ba.

"Kawu, wasa kake yi min."

"Hannu ba ya jin sa."

Ya karɓe su, ya jujjuya yana murmushi, ya miƙo min ɗaya, na mayar cikin rediyon.

Da Baba ya kunna don jin labarai, rediyon ya ƙi magana. Ni na sha bulala.

Na girma, na karanta, na tarar maganar Kawu gaskiya ce. Amma har yau, in mutum ya fara yi min bayani mai daɗi, hannunsa nake kallo.