Baduku da Guntuwar Kyanwarsa

Bari in ba ka wani misali, tun da na ga maganar mutane na neman raba ka da abin da ke hannunka.

An yi wani baduku a wani gari na bakin hanya, gwani ne a sana'arsa, sai dai ba ya jure zolaya. Wata rana direban wata babbar mota ya tsaya, badukun ya ɗinke masa jaka, da zai tafi sai ya ciro 'yar kyanwa daga cikin kwali ya ba shi kyauta. Kyanwar ba ta da wutsiya sai ɗan guntu wanda bai kai tsawon yatsa ba, a dunƙule kamar na zomo. Ƙafafunta na baya sun ɗara na gaba tsawo, in tana gudu sai ka ce tsalle take yi. Gashinta mai kauri ne, ruwan toka da ratsin baƙi. Direban ya ce ba yanke mata aka yi ba, haka ake haifar irinsu. Ya ce a riƙa taje mata gashi, a ajiye mata ruwa mai tsabta, kada a bar kowa ya ja guntun, kuma kada a kulle ta ita kaɗai, don irinsu ba sa son kaɗaici.

Shekara uku suna tare. Ba ta da yawan kuka, sai ɗan gurnani can ƙasa-ƙasa. In ya tashi ta bi shi, in ya zauna ɗinki ta kwanta a gefen ƙafarsa tana kallon allura na shiga tana fita. Ba ta gudun baƙi, ba ta taɓa yagar fatar kowa ba, abin wasanta kawai ta tsoma hannu a kwaryar da yake jiƙa fata. Kan kifi da ɗan tuwo sun ishe ta. Amma abokan hirarsa suka sa shi gaba. Wani ya ce badukun ne ya yanke wutsiyar ya yi laya da ita, wani ya ce ko kyanwar ma rabi aka ba shi. Har sunan ya bi shi, in baƙo ya tambayi rumfarsa sai a ce ya je wajen mai guntuwa. Abin ya riƙa cin sa a rai. Ya daina taje ta, ya fara korar ta in mutane sun taru. Rannan ya dubi rumfar tasa ya ce a ransa, shi fa bai taɓa ganin ɓera a nan ba, to me yake ciyar da ita don shi? Ran kasuwa ya sa ta a kwando ya miƙa wa wata tsohuwa mai ginin tukwane da ke zuwa daga ƙauyen ƙetaren rafi. Tsohuwar ta tambaye shi har sau biyu ko da gaske ya bar mata, ya ce ya bar mata duniya da lahira.

Ba a yi wata biyu ba ya fara ganin kashin ɓera a kan jar fata. Sannan ɓerayen suka ci bakin kube, suka huda gafakar da ya kwana bakwai yana yi wa ado. Wanda ya fi ƙona masa rai shi ne wani buzu da wani dattijo ya kawo a yi masa gyara, na mahaifinsa ne marigayi, a kansa ya yi salla shekara arba'in. Ɓeraye suka cinye tsakiyarsa. Dattijon bai yi faɗa ba, ya naɗe abin da ya saura ya sa a hammata ya tafi, kuma bai sake dawowa ba. Baduku ya sa tarko, ya samo wata kyanwa fara mai doguwar wutsiya, ta sha nono kwana uku ta haura katanga.

Da ya rasa yadda zai yi, sai ya ƙetare rafi. Ya tarar da guntuwar kwance a inuwar tukwane, gashinta na sheƙi, tsohuwar na taje ta da wani tsohon mataji. Ya gaishe ta, ya sunkuyar da kai ya roƙi aron kyanwar.

"Ɗauki, ɗan nan," in ji ta, "amma jibi da hantsi ka dawo mini da abata."

Ya kawo ta. Ta kama ɓera biyu, amma ba ta kwanta a gefen ƙafarsa ba. A bakin ƙofa ta wuni tana duban hanya. Jibi na yi ya mayar, kafin mako ya zagayo ɓeraye sun dawo. Ya sake zuwa aro, aka ba shi kwana ɗaya. A zuwa na uku tsohuwar ta ce ya yi haƙuri, kyanwa ta haihu, ba ta barin 'ya'yanta. Ya leƙa cikin wata fasasshiyar randa ya ga 'ya'ya huɗu, uku da guntun bindi irin na uwarsu. Ya roƙi ɗaya, ta ce duk an riga an kama, tun suna ciki maƙwabta suka yi magana. Ya tsuguna ya kira uwar yadda ya saba kiranta da can. Ta ɗago kai ta dube shi, sannan ta juya ta ci gaba da lasar 'ya'yanta. Haka ya ɗauki kwandonsa babu komai ya kama hanyar gida.

Shi ya sa Hausawa suka ce, guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.