Hular Maigida

Ku dai ba ku da aiki sai tambaya. Wai me ya sa uwarku ba ta barin ubanku ya taɓa kwamfutarta? Ina ruwanku? Ke Rhoda, ajiye mini gwangwanin maɓallan nan, ba kayan wasa ba ne. Tunda kun tambaya, ku kama bakinku, don ba na maimaita magana.

Lokacin wayar hannu ba ta daɗe da shigowa Zariya ba. Uwarku Scholastica tana shekarar ƙarshe a jami'a, can Samaru. Wata takwas ta yi tana rubuta aikinta na kammalawa a cikin wata tsohuwar kwamfuta, aka ce kowa ya miƙa nasa ranar Juma'a kafin sha biyu. Wanda bai miƙa ba, sai baɗi.

Ranar Litinin wuta ta dawo da ƙarfi, kwamfutar ta yi hayaƙi ta mutu. Ɗan faifan da ta kwafi aikin a kai ma ya ƙi buɗuwa.

Raphael, ubanku, lokacin yana ta zarya a kanta, shi ya kwance akwatin ya ciro wani ƙarfe kamar sandar sabulu, wai had dis. Ya ce komai yana cikinsa lafiya, kuma yana da inji irin nata sak, gobe sai a saka. Ba ta yarda da ɗakin kwanan ɗalibai ba, sai ta kawo shi nan Chikaji ta ba ni ajiya. Duk ƙura da gizo-gizo. Ni kuwa ba a taɓa ba ni ajiya ta koma da datti ba. Da safe ta karɓi abinta fes, naɗe cikin hankici.

Talata aka saka shi. Injin ya yi ƙara, gilashin kwamfutar ya kawo baƙi wuluk, da ɗan farin rubutu layi ɗaya. Wai bai ga inda zai tashi ba.

Raphael ya shiga wani shuɗin shafi, ya gaya wa injin ya fara duba ƙarfen kafin komai. Babu. Ya canja wata waya mai faɗi kamar ɗamara da ke haɗa ƙarfen da injin. Babu. Laraba suka zaga shagunan buga takardu na Samaru. Wani ya hura shi da baki. Wani ya girgiza shi a kunne kamar mai sayen ƙwai, ya ce ya mutu, ta haƙura.

Da yamma uwarku ta dawo gida ba ta iya ko kuka. Na sa mata tuwo, ta zauna tana kallonsa. Shekara huɗu ina suyar ƙosai a bakin masana'anta don yarinyar nan ta riƙe takarda, ubanta kuma ya mutu yana cewa a bar ta ta yi karatu. Ga shi duka ya maƙale cikin sandar sabulu.

Alhamis na ce su ɗauko injin gaba ɗaya. Na baro awakina ko kaska ban duba musu ba, na yi gammo na ɗora akwatin a ka, muka shiga kasuwar Sabon Gari. Shago uku suka kore mu. Na huɗu na wata Bayarabiya ne, Madam Bukola, mai gilashin ido ɗaure da zare.

Ta kunna, ta ɗora yatsa a bayan ƙarfen.

“Yana juyawa,” ta ce. “Matacce ba ya juyawa.”

Ta kai shi bakin ƙofa, wurin haske, ta leƙa wasu ƙananan haƙora da ke gindinsa.

“Ina hularsa?”

Uwarku ta ce, “Wace hula, Anti?”

Sai ta yi mana bayani. Wai a kan wayar nan mai faɗi abu biyu ke zama, ɗaya maigida, ɗaya bawa. Akwai wata 'yar baƙar roba, ba ta kai ƙwayar wake ba, da ake ɗora wa haƙora biyu. Ita ce hular maigida. Irin wannan ƙarfen, in babu ita, sai ya ɗauka shi bawa ne. Na'urar faifan da ke kan wayar ita ma baiwa ce. Bayi biyu a gida ɗaya, kowa yana jiran a yi masa magana, shi ya sa injin bai ga kowa ba.

Na ce wannan ai ko ban yi boko ba na gane shi.

Ta tona tarkacenta ta samo wata hular, ta ɗora da hantsaki. Ta kunna. Baƙin gilashin nan ya tsaya, ya tsaya, har na ji uwarku tana kiran sunan Yesu ƙasa-ƙasa, farcenta a cikin hannuna. Can sai launi ya fito, da ɗan kiɗa. Aikin yana nan, ko shafi ɗaya bai ɓata ba. Juma'a sha biyu saura ta miƙa, takardun da ɗuminsu.

Amma kafin mu bar shagon Madam Bukola ta ce, “Abin nan ba ya faɗuwa da kansa fa. Cire shi aka yi.”

Uwarku ta juya ta kalli Raphael. Shi ne ya kwance, shi ne ya ɗaura. Ya rantse, ya sake rantsuwa, wata biyu ba ta amsa gaisuwarsa ba. Ta aure shi dai, amma har gobe ba ya taɓa mata inji.

To, kun ji. Ku tashi ku kwanta, duk ku. Ke Rhoda, ban gwangwanina. Kuma duk wanda ya kuskura ya gaya wa uwarsa cewa 'yar baƙar robar nan da ke cikin maɓallaina ita ce kaskar da na cire wa ƙarfenta da tsinken kitso, ni da shi ne.