Ƙafar da Ta Ciyo Kofi

A bikin karrama tsoffin 'yan ƙwallo, shugaban kulob ya durƙusa gaban wani tsoho da ke kan keken guragu, riƙe da takalmin zinare.

"Baba, miƙo ƙafar da ta ciyo mana kofi, mu sanya mata takalminta."

Tsohon ya yaye bargon da ke cinyarsa. Ƙafar wandonsa ta hagu a naɗe take daidai gwiwa.

"Tambayi likitanku. Shi ya dinga ɗirka mata allurar kashe zafi, yana mayar da ni fili, har ta ruɓe."

Tafi ya ɗauke. Shugaban ya mayar da bargon, ya manna masa takalmin a ƙirji, ya dubi mai hoto.

"Ɗauko daga ƙugu zuwa sama. Baba, ɗan yi murmushi mana."