Sabuwar Sigina a Babur ɗin Muntari

Ƙwan siginar hagu ya mutu, kuma Sauda ce ta fara lura.

"Baban Atika, ka biya wurin Idi mai wayarin ya duba maka," ta ce, tana miƙa masa kular abincinsa. "Yau, ba gobe ba."

Muntari ya ce to. Ya sa shuɗiyar rigar masaƙa mai sunan kamfani a aljihu, ya tura Jincheng ɗinsa waje kamar yadda ya saba shekara da shekaru.

Masaƙar kuwa tun bayan babbar salla aka rufe ta. Wata safiya ma'aikata suka je Challawa suka tarar da kwaɗo a ƙofa. Muntari bai faɗa a gida ba. Mutumin da ya kai shugaban sashen rini, wanda surukinsa ke nunawa a wurin ɗaurin aure, bai ga bakin da zai buɗe ya gaya wa matarsa ya koma ɗan acaɓa ba. Don haka kullum yakan fito daga Sharaɗa ya kama hanyar Challawa. In ya sha kwana sai ya cire rigar, ya naɗe fuska da hirami, ya ratsa gari ya tafi Bompai, inda ba wanda ya san shi. Jajayen Jincheng a can sun fi a ƙirga, kuma duk kamarsu ɗaya. Wannan ne rufin asirinsa.

Da ya biya wurin Idi a ranar, bai gama bayani ba Idi ya jawo wata leda daga ƙarƙashin benci. Ƙwayaye huɗu ne a ciki, kowanne da 'yan idanu kamar na tocilan 'yar China.

"LED ake ce musu, Malam Muntari. Ba sa shan batir, ba sa mutuwa."

"Ɗaya ne ya mutu."

"Ai ba a sa ɗaya."

Idi ya kwance murafen, ya cire tsofaffin ƙwayayen, ya kankare tsatsa da bakin sukundireba. Na farko ya ƙi kamawa, ya juya shi, ya kama. Haka ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya naɗe wayoyin da salatif. Da Muntari ya sa hannu a aljihu, Idi ya girgiza kai.

"Bar shi kawai. Gwaji ne."

Aka murza makunni. Sigina ta kama ƙiftawa da sauri kamar ana korar ta, da haske mai shiga ido ko da tsakar rana. Idi ya ce laifin tsohuwar filasha ne, wato 'yar na'urar da ke sa sigina ƙiftawa: don manyan ƙwayaye aka yi ta, waɗannan kuwa wutar da suke ja ba ta kai ta ji nauyinsu ba. Irin filashar da ta dace da su sai an aiko daga Legas.

Ranar da ya shiga Bompai da ita, 'yan acaɓan bakin sito suka sa masa suna Mai Walƙiya. Kafin mako ya zagayo, fasinjoji suna tsallake babura biyar su zo wurinsa. Wani direban tirela ya leƙo ta taga ya tambaye shi inda ake sayarwa.

A gida ma haka. Maƙwabta suka fito kallo. Sauda ta ce tun daga bakin layi ake gane shi ne, ta zuba masa ruwan wanka, ta ajiye masa man zafi a kan taga. Muntari ya kwanta yana lissafin mutanen Sharaɗa da ke zuwa Bompai ɗaukar kaya. Suna da yawa.

Washegari ya hango wani maƙwabcinsu a kan buhuna a bayan wata mota, yana bin babur ɗin da kallo har ya ɓace. Daga nan Muntari ya daina kunna sigina. In zai juya sai ya miƙa hannu, kamar mai keke.

Hannu kuwa ba ya kaiwa ga idon mai tirela. Ran Alhamis, ya ɗauko wani ɗan kasuwa da katan biyu, ya karya hagu zai shiga wani sito. Ya ji ƙarar birki a ƙeyarsa. Madubi ya tafi, katan ɗaya ya koma fai-fai a ƙarƙashin taya, fasinja ya sauka ya ƙarasa da ƙafa ba tare da ya waiwayo ba.

Muntari ya zauna a gefen kwata yana lissafi. In ya kunna, asirinsa ya tonu. In bai kunna ba, a kai shi gida a makara. Ya ga mafita ɗaya ce: tsofaffin ƙwayayensa, masu hasken da ba ya damun kowa.

Ya tsaya a hanya ya mayar da rigar masaƙa, sannan ya isa wurin Idi.

"Cire min su. Mayar min da na da."

"Ba za su ciru ba, Malam."

"Kai ka sa su da hannunka."

"Ni na sa, amma ba ni na saya ba. Mai su ta ce in na cire ba ta yafe ba."

"Wace ce mai su?"

Idi ya dubi rigar, ya dubi inda madubi yake a da, ya ci gaba da fere wayar da ke hannunsa.

"Maman Atika mana. Ta ce tun da ka koma acaɓa a Bompai ba ta barci, tirelolin can ba sa ganin ƙaramar wuta. Amma don Allah in ka je gida ka nuna ba ka sani ba, ta ce ba ta so ka ji kunya."