Kwanon da Ba a Fasa Ba

"Yaya, ai wani ya riga ni," in ji ƙanenta kafinta, yana ƙwanƙwasa bayan kantar littattafan ɗakin cin abinci.

Ta kira shi ne ya yi mata maɓoya. A nan birnin Kyoto akan fasa kwanon tangaran na mamaci don kada ya waiwayo gida, ita kuwa da mijinta ya rasu wani kwanon ta fasa, ta ɓoye nasa.

Katakon bayan kantar ya zame, sai ga maɓoya a wurin. Ga ɗan kwano mai zanen zomo, na 'yarsu da ta rasu, ko ƙura babu a jikinsa. Shekaru ta yi tana ƙullace da mijin, don a gabanta ya fasa kwanon yarinyar, ko hawaye bai yi ba. Ashe shi ma wani ya fasa.

"Tattara kayanka," ta ce. "Wurin zai ɗauki kwano biyu."