Tambayar Madam Angelina

Tun kafin a buɗe taro aka gama rabon lema. Duk mai hannun jarin da ya shigo zauren otal ɗin nan na Garki, sai a miƙa masa jaka mai tambarin kamfani, ga lema a ciki, ga kwalin shinkafa da cinyar kaza. Kamfanin inshora ne. An daɗe rabonsa da raba riba, amma wajen rabon lema bai taɓa gazawa ba.

Halimat Yelwa na zaune a layin baya kusa da ogan sashensu, Mista Nicholas. Hukumar da ke sa ido a kan kasuwar hannun jari ce ta turo su. Ba su da ta cewa a nan, nasu ido ne da kunne.

Wadda ta kawo su tana layin tsakiya, ta rungume jakarta a ƙirji. Madam Angelina ce, tsohuwar nas, wadda ta zuba kuɗin sallamarta kaf a kamfanin. Ita ta gano kamfanin ya sayi wani bene a Utako daga hannun surukin ciyaman, a farashin da ko a Maitama sai an yi salati, kuma ba a shaida wa masu hannun jari ba. Ta kai ƙara hukuma a asirce. Aka ba ta shawara ta miƙe a taron shekara ta yi tambayar a bainar jama'a, kafin a sake zaɓen ciyaman. In ya musa, ya yi ƙarya a gaban hukuma. In ya amsa, ya ɗaure kansa. Sharaɗin ɗaya ne: kada maganar ta fita kafin lokacinta.

Layin gaba kuwa na shugabannin ƙungiyoyin masu hannun jari ne, yawancinsu tsofaffin ma'aikata masu manyan riguna. Jajiberin taro sukan gana da daraktoci a wani ɗaki, su fito fuska a sake, aljihu da nauyi. A ofis 'yan tafi ake ce musu. Halimat ta sha jin labarin aikinsu, amma ba ta taɓa gani da idonta ba, don wannan ne taronta na farko. Da ta hango wata farar babbar riga a cikinsu, sai ta ja gyalenta gaba, ta nutse a kujera.

Aka zo lokacin tambayoyi. Madam Angelina ta ɗaga hannu. Ciyaman ya tsallake ta kamar bai gani ba, ya ce a ba Alhaji Badaru makirfo.

Alhaji Badaru, mai farar rigar, ya dafa gwiwar nan tasa mai ciwo ya miƙe. Ya yabi ciyaman, ya yabi daraktoci, har mai raba ruwa sai da ya samu nasa. Sannan ya juyo ga jama'a.

"Jama'a, akwai wata mata a zauren nan, maƙiyan kamfaninmu suka turo ta. Yanzu za ta tashi ta ce bene, ta ce Utako, ta ce suruki. To, in ce haramun ne mutum ya yi suruki? Ni dai na kawo ƙuduri a rufe tambayoyi, a tafi zaɓe!"

Zaure ya ɗauki tafi da dariya. Madam Angelina ta miƙe duk da haka, tana cewa, "Don Allah, ku ji ni," amma wa zai ji ta? Aka yi ta buga tebur ana cewa ta zauna. Wani ya ce a ƙara mata kaza ko ta yi shiru. Ta juyo tana neman ma'aikatan hukumar da suka ce mata kada ta ji tsoro, idonta ya sauka a kan Halimat.

Kunya ta rufe Halimat, irin wadda mutum ke ji har cikin ƙashinsa. Ita ce ta riƙe hannun matar nan a ofis ta ce mata sirrinta a rufe yake. Ta sunkuyar da kai, tana jin ana ƙirga hannuwa. Ciyaman ya koma kujerarsa ba hamayya. Madam Angelina ta fita a hankali, ko jakar lemar ba ta ɗauka ba.

A wurin ajiye motoci Mista Nicholas ya kasa buɗe ƙofa don fushi.

"Mu uku ne a ofis muka san wannan magana," ya ce. "Ni, ke, da Kingsley. Kuma Kingsley yana da aboki a kamfanin nan. Wallahi Litinin ba zai kwana a ofis ɗina ba. Matarsa na da ciki ko ba ta da shi, ba ruwana."

Can sai ga Alhaji Badaru ya fito yana ɗingishi, jaka biyu a hannu, yana waige-waige kamar mai neman wanda zai rage masa hanya. Da ya hango su sai ya washe baki, ya ɗago hannu.

"Dubi marar kunyar," in ji Mista Nicholas. "Har da gaishe mu."

"Oga, ka ƙyale Kingsley," in ji Halimat, muryarta can ƙasa. "Ni yake ɗaga wa hannu. Ranar Juma'a muna cin tuwo ya tambaye ni yaya aiki, ni kuma ina ɗoki na kwashe labarin duka na ba shi, har ya sa min albarka. Mahaifina ne."