Manomin da Ya Gasa Akuya da Jigonsa

Abokina, tunda ka dage sai na faɗi ra'ayina kan rancen da Sinawa ke ba ƙasashe don aikin wutar lantarki, ni ba ɗan boko ba ne, amma ga misali. A wata fadama an yi manoman albasa biyu, gonakinsu gab da gab. A wancan lokacin, da jigo ake ban ruwa: doguwar sanda a kan gwafa, curin laka a gindi, guga a baki. Da hantsi za ka ji fadamar duka tana ƙiiƙ-ƙaaƙ, wani na waƙa, wani na zagin taubashinsa daga tsallaken rafi, ruwa na bin fangali a hankali kamar ba ya son isa. Kai, zamani ya yi daɗi! Ana nan sai labari ya zo cewa Sinawa za su ba hukuma rance a datse kogi, a kawo wuta har bakin gona, kowa ya danna ɗan maɓalli ruwa ya taso da kansa. Aka turo manyan motoci suka share dajin gefen fadama, aka kakkafa turaku. Ɗaya daga cikin manoman nan, mutum ne mai son a san ya waye, yana ganin turke a kan iyakar gonarsa ya tumɓuke jigonsa, ya faskara, ya gasa akuya da shi, ya gayyato gari. Yana miƙa wa maƙwabcinsa cinya yana cewa, "Ci, baƙauye, yau kafaɗata ta yi sallama da wahala." Maƙwabcin ya ci cinya, ya sha romo, ya yi godiya, ya koma ya ƙara wa curin jigonsa laka.

To, shi mai ba da rance zuciyarsa a ƙirjinsa take, ba a naka ba. Kafin waya ta hau turaku, masu kuɗin suka sake shawara, suka ce manyan ayyuka sun yi musu nauyi, yanzu ƙanana suke so, irin na hasken rana, su ma sai an bi layi. Turakun suka zama gidajen shamuwa. Rani ya shigo, albasar mutumin ta fara ɗaura kai, daidai lokacin da ba ta yafe ƙishi. Ya nufi daji neman gwafa, ya tarar motocin da ya yi wa tafi sun kwashe kiryar wurin kaf. Ya dawo wurin maƙwabci da 'yar murya neman aron jigo. Shi kuwa bai hana ba, ya ce ai akuya ba ta faɗi ƙasa banza ba, amma sai ya gama nasa. Kullum jigo ba ya zuwa hannunsa sai rana ta take, ga hanyar ruwa ta yi nisa, rabi ƙasa ke shanyewa kafin ya iso. Ganye ya yi ja, ya kwanta. Ranar da maƙwabcin ya ɗora buhunansa a jaki, abin da mutumin ya tona duka bai cika ƙwarya ba, kowace albasa kamar idon zakara. Shi ya sa Hausawa suka ce, guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.